Kwat ɗin Ɗangoggo da Gonar Doyar Thaddeus

Duk wanda zai shiga Abuja daga Paikon Kore, sai ya fara tsayawa teburin mai shayi na bakin titi ya ga Ɗangoggo. Sunansa na yanka Mika'ilu, mutumin Funtuwa ne, amma goggonsa ce ta raine shi, laƙabin kuma ya bi shi har ofis. Ya zo Abuja tun Garki tana rabin daji, ya sami aikin masinja a wata ma'aikata, ya yi ta ɗaukar fayil har kafaɗarsa ta dama ta ɗan karkace. Da mulki ya dawo hannun farar hula, kuɗin mai ya yawaita, aka sayo kwamfutoci, sai aka tara masinjoji aka ba su lemo mai sanyi, aka ce su je su huta. Ɗangoggo ya koma Paikon Kore inda haya ke da sauƙi, yana ɗan noman rogo. Abin da ya tsira da shi daga aikin gwamnati shi ne kwat biyu da wani darakta ya ba shi bayan tumbi ya raba su, sai kuma sanin yadda ake wuce ƙofa.

Wannan sani kyauta yake rabawa, ko ba a tambaye shi ba.

"Abuja ba ta son gaisuwa," in ji shi. "Kana ce wa mai gadi ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ka gama gaya masa kai ba kowa ba ne. Ka sa kwat. Ka riƙe ambulan, ko da iska ce a ciki. Kada ka je ran Juma'a, manya sun kama hanyar Kaduna. Litinin kuwa ba su dawo ba."

Akwai kuma babbar dabara da sai ya rage murya yake faɗa. "In magana ta yi zafi, ka duba agogo, ka yi tsaki, ka ce, 'Oga ya san da maganar.' Sai ka ja bakinka. Kada ka faɗi wane oga. Kowa a garin nan yana da ogan da ke hana shi barci, shi zai sa sunan da kansa."

Abin da ba a cika ambata ba a teburin shi ne, tun da aka sallame shi bai sake taka cikin gari ba.

Maƙwabcinsa Thaddeus, Gbagyi ne, manomin doya. Wata safiya ya tarar an kafa turakun siminti masu jan fenti a kusurwoyin gonar da ya gada, har da bishiyar ɗorawar da ubansa ya bari. Mai unguwa ya ce akwai kwamitin da zai saurari koken manoma ran Laraba a wani ofishin filaye. Thaddeus ya zo wurin Ɗangoggo da hularsa a hannu.

"Masinja, gona na zai tafi. Kai ka san hanya."

"Kwantar da hankalinka, maƙwabci. Amma ba da wannan rigar za ka bi ni ba."

"Mata na ya ce in tafi yadda nake, tun da manoma aka kira."

"Madam ta taɓa ɗaukar fayil?"

Ran Laraba suka fito cikin kwat. Ta Thaddeus ta matse shi a hammata, hannunta ya tsaya nesa da wuyan hannu. Da suka sauka a cikin gari, Ɗangoggo ya waiga neman ɗan acaba, aka ce ai an kore su tuni. Ya nemi rumfar mai tuwo da ya saba yin kwatance da ita, ya tarar da banki mai bangon gilashi. Suka zagaya wani shataletale har Thaddeus ya fara gane fuskar mai sayar da jarida.

"Masinja, mun ɓata ne?"

"Ina nuna maka gari ne."

Da ƙyar suka sami ofishin. A harabarsa an kafa rumfa, manoma sun cika benci, wasu ma 'yan garinsu ne. Thaddeus ya ɗaga hannu zai gaisa, Ɗangoggo ya mintsine shi. Ya manna wayarsa da ba kati a kunne, ya haɗe rai, suka doshi ƙofa. Mai gadi ya ƙame, ya sara musu, ya raka su da kansa har bene, ɗakin da 'yan kwangila ke jira. Kujeru masu laushi, ga na'urar sanyi tana busawa.

"Ka gani?" Ɗangoggo ya raɗa masa. "Su suna rana, mu muna nan. In manya sun shirya, da mu za su fara."

Suka zauna shiru da ambulan a cinya. Sanyi ya shiga ƙashin Thaddeus. Bayan azahar ya miƙe ya leƙa taga don ya motsa jini, sai ya ga ana naɗe rumfa, ana loda kujeru a mota. Ashe tun safe kwamitin yana can ƙasa yana sauraron manoma ɗaya bayan ɗaya.

Ya sauko a guje, Ɗangoggo na binsa da haki. Suka tari sakataren kwamiti yana rufe jaka.

"Ni ma manomi ne! Daga Paikon Kore!"

Sakatare ya dubi kwat, ya dubi ambulan. "Oga, zaman nan na mutanen ƙauye ne. Naku a sama ake yi."

Thaddeus ya buɗe masa tafin hannuwansa, duk kanta.

"Haba oga, ai yanzu kowa manomi ne a Abuja. Daraktanmu ma yana da gidan kaji. An rufe. Sai an kafa wani kwamitin."

Ɗangoggo ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Thaddeus bai zage shi ba, kallonsa kawai ya yi, wannan kuwa ya fi zagi ciwo.

Suna nan tsaye sai ga wani mai babbar riga, Alhaji Nasrullahi, ɗan kwangilar da ya wuni a ɗakin sama yana satar kallon mutanen nan biyu da ba su ce wa kowa uffan ba.

"Ranku ya daɗe, na ji an ambaci Paikon Kore. Ni ma an ba ni fuloti a can, wajen wata ɗorawa."

"Ɗorawa na ne!" in ji Thaddeus. "Wurin namu ne!"

Alhaji ya juya wurin Ɗangoggo, don ya ga shi ne babba. Ɗangoggo bai da sauran komai sai abu ɗaya. Ya ɗaga hannu ya dubi agogonsa da ya daɗe da tsayawa, ya ja tsaki.

"Oga ya san da maganar."

Alhaji ya yi turus. "Wanne? Na nan sama?"

Ɗangoggo ya gyara riƙon ambulan.

"Ko dai..." Alhaji ya nuna can wajen Dutsen Aso, inda fadar shugaban ƙasa take, da haɓa, ya kasa ƙarasawa.

Ɗangoggo ya dubi gefe.

"Wallahi tallahi ba a gaya mini ba! Ku ba shi haƙuri. Ina motarku? Direba bai zo ba? Bismillah, ku shigo in kai ku."

A jif suka koma gida, Thaddeus a gidan baya.

Manoman da kwamiti ya saurara an rubuta kokensu tsaf, an yi musu alkawari, katafila kuma ta zo musu bayan kaka. Gonar Thaddeus ce ta tsallake. Alhaji ya sayar da fulotin a ɓoye, wanda ya saya ya ji raɗe-raɗin akwai hannun wani babba a wurin, shi ma ya sayar. Turakun suna nan, doya na yaɗo a kansu. Duk sabon mai fuloti yakan zo ya leƙa daga nesa, ya gai da Thaddeus da ladabi, ya ce a miƙa gaisuwa wurin Oga.

Ɗangoggo yana ba da labarin nan a teburin shayi, amma yakan tsallake zaman bene. Thaddeus ne ke cike masa gurbin. Bai kuma mayar da kwat ɗin ba. Tana rataye a reshen ɗorawa, da ya ji ƙugin mota sai ya yar da fartanya ya zura ta.

"Maƙwabci, yaushe za ka dawo mini da kayana?"

"Ran da Oga ya ce, Masinja."