Injiniya, Wadda Ta Daidaita Kwamfuta da Hannuna

A ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran maƙwabciyata, wadda duk mutanen benenmu suke kira Injiniya. Ta rasu a asibiti bayan jinyar mako uku, tana da shekara talatin da takwas. Ta bar miji da 'ya'ya mata biyu da mahaifiya. Mijin ne ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ya faɗa mini, yana tsaye a waje, ya kasa shigowa. Ni mai shekara tamanin da ɗaya ne aka kawo wa labarin rasuwar wadda na yi jika da ita. Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa muka nufa.

Injiniya, ban samu zuwa jana'izarki ba, domin ƙafafuna sun daina sauka daga hawa na uku. Abin da ya rage mini shi ne rubutu, shi ma ke kika mayar mini da shi bayan ya kuɓuce mini. Don haka da shi zan yi miki ban kwana.

Shekara talatin da huɗu na yi ina akawu mai buga tafireta a wani ofishin sufuri. Da na yi ritaya aka bar mini tafiretar, na zo da ita gida. Bayan rasuwar mai ɗakina na ɗauki niyyar rubuta wa jikokina uku labarin kakarsu da na gidan da suka fito. 'Yata tilo tana aure a wata ƙasa mai nisa, yaran kuwa a waya kawai suka san muryata. Idan ban rubuta ba, babu wanda ya rage da zai faɗa musu. Sai hannuna ya fara rawa, alƙalami ya gagare ni. Likita kuma ya ce jijiyar idona tana mutuwa a hankali, babu aikin da za a yi mata, sai dai jinkirtawa da magani. Na ci gaba da tafireta har yatsuna suka kasa danna maɓallanta.

Ɗakin aikinki bango ɗaya ya raba shi da nawa. Kwana uku da yin shirun tafiretar kika ƙwanƙwasa.

"Kaka, lafiya dai? Kwana uku ban ji ruwan ƙanƙarar tafiretar nan taka ba. Na saba da ita, yanzu shirun ya hana ni aiki."

Na nuna miki hannuna. Washegari kika dawo da wata tsohuwar kwamfutarki a hammata.

Mun fara da manhajar rubutu ta ofis, wadda kowa yake amfani da ita. Ba mu daɗe ba. Ƙananan hotuna sun cika samanta kamar tallar kanti, kuma komai sai an kama linzami, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur, an nuna. Hannuna kuwa idan na nufi gabas da linzamin sai ya yi yamma. Kika zuba mini ido na ɗan lokaci, sannan kika ce za ki ba ni wadda kike aikinki da ita, irin ta masu rubuta manhaja, wadda kuke kira edita. Kika buɗe mini taki in gani. Baƙin allo ne, babu hoto ko ɗaya, kowane layi da lambarsa a gefen hagu, kalmomi kuma kala-kala, kowace kala da aikinta. Ba ki taɓa linzami ba ko sau ɗaya. Yatsunki suna kan maɓallai, rubutu yana tsalle yana sauya wuri. Na ce a raina wannan yarinya da a ofishinmu take da ta kore mu duka.

A ranar kika nuna mini wani fayil da kika ce ya fi duk kayan ɗakinki daraja a wurinki. A cikinsa kike rubuta wa editar yadda kike so ta kasance: girman harafi, kalar allo, aikin kowane maɓalli, faɗin layi. Shekara goma sha biyar kina ƙara masa kina ragewa, duk kwamfutar da kika koma sai kin tafi da shi. Kika ce a wurin aikinku akwai mutum biyu da suka yi wata guda ba sa gaisawa saboda gardamar ko tazarar farkon layi ta zama biyu ko huɗu. Kin zaci zan yi mamaki. Na gaya miki a ofishinmu an taɓa kai ƙarar wani wurin shugaba don ya matsar wa abokin aikinsa ma'aunin gefen takarda. Muka yi ta dariya. Tun daga nan na san sana'armu ɗaya ce, zamani ne kawai ya raba.

Sai kika buɗe sabon fayil, kika ce wannan nawa ne. Kowace Asabar da hantsi kina zuwa ki zauna a kujerar da ke gefen tebur, ki ce in yi rubutu. Ba ki karanta abin da nake rubutawa sai na ce ki karanta. Yatsuna kike kallo. Kika lura idan na gaji harafi ɗaya yana fita sau biyu, kika koya wa injin ya yi watsi da bugu na biyu idan ya zo da sauri. Kika lura farin allo yana sa idona hawaye, kika mai da shi baƙi da rubutu ruwan ɗorawa. Haruffanmu masu lanƙwasa, waɗanda a zamanin tafireta sai na bi su da biro ina yi musu ƙugiya, kika ba kowanne maɓallinsa. Ina manta adana aiki, kika sa ya riƙa adana kansa duk layin da na gama. Na yi ƙorafin ban san inda layi yake ƙarewa ba, kika sa mini 'yar ƙararrawa irin ta tafireta.

"Amma Kaka, ka rage dukan nan. Ba ta yi maka laifin komai ba."

"Hannun aiki ne, 'yar nan. Ku naku shafa ce kawai."

Ba kullum muke shiri ba. Kin taɓa sa mini abin da ke ƙarasa wa mutum kalma da zarar ya buga harafi biyu ko uku, kika ce zai rage mini wahala da rabi. Na yi kwana biyu da shi na ce ki cire. Shekarun aikina duka maganar wasu na buga, yanzu da nake buga tawa ba na son a riga ni. Kika yi ta lallashi, kika kawo hujjoji, na kafe. Daga ƙarshe kika cire kina cewa ba ki taɓa ganin tsoho mai taurin kai irina ba. Na ce ai ba ki san kakar yaran ba.

Ranar da ba zan manta ba ita ce wata Laraba. Editarku tana da hali biyu. A ɗaya, abin da ka danna shi ne zai fito a allo. A ɗayan kuwa kowane harafi umarni ne, wani ya share, wani ya kwafe, wani ya tsallaka. Kin yi mini bayani, na ce na gane. Amma mai tafireta ba allo yake kallo ba, takardar da yake kwafa yake kallo, haka aka koya mana da bulala. Hannuna ya taɓa wani maɓalli ban sani ba, na ci gaba da bugawa kaina a sunkuye kan 'yan bayanan da na tara. Da na ɗago, shafi arba'in sun tafi. Duk labarin ƙuruciyar mai ɗakina, aikin wata biyar. Na zauna ina kallon baƙin allo har azahar, ban ci abinci ba. Na buga bango da sandata, kika zo da hijabinki a karkace. Kika dube ni, kika dubi allon, kika danna harafi ɗaya, kika sake dannawa, kika yi ta dannawa. Rubutun ya riƙa dawowa layi bayan layi har ya cika. Na yi kuka a gabanki, ban ji kunya ba.

Ba ki ce na yi kuskure ba. Cewa kika yi laifinki ne, kin ba ni kayan aikin da aka yanka daidai hannunki. A zaman nan kika cire halin umarnin gaba ɗaya daga tawa.

"In abokan aikina suka ji na yi wannan, Kaka, sai sun kore ni daga sana'a. Kamar a cire wa mota giya ne."

"To ki ce musu direban tsoho ne, gida kawai zai kai ta."

Akwai abin da yake ci mini rai, zan faɗe shi a nan tunda ban samu faɗa miki ba. Zuwanki na ƙarshe, a farkon watan Afrilu, kin rame, na tambaya kika ce aiki ne. Ba ki zauna a kujerarki ba. Kika tashe ni daga tawa, kika shafe kusan awa uku kina bugawa, ina yi miki magana kina amsawa da "uhm". Ni kuwa duk mako Asabar ɗin nan nake jira, domin ke kaɗai ce mai zama ta saurare ni. Raina ya ɓaci, na ce miki, "Wurina kika zo ko wurin injin?" Kika yi murmushi kika ce in yi haƙuri, saura kaɗan. Da za ki fita ban amsa sallamarki da kyau ba. Ki yafe mini, 'yata.

Kwana biyar bayan rasuwarki mijinki ya kawo mini takarda biyu da manyan haruffa, ya ce kin bar wasiyya a buga a ba ni. Shi malamin makaranta ne, bai san kan aikinku ba, ya dai karanta mini. Ashe tun watan Maris kin san sakamakon gwajin asibiti. Ashe abin da kika zauna yi a zuwanki na ƙarshe ke nan. Kin san hannuna da idona gaba za su yi ta yi wajen lalacewa, kuma babu mai zuwa Asabar ya gyara. Sai kika yi gyaran tun kafin lokacinsa, kika ɗaura shi a maɓallai uku na layin sama, kika ɗiga wa kowanne ɗigon gam don in gane shi da yatsa. Na farko yana ƙara girman haruffa. Na biyu yana sa injin ya ƙara haƙuri da rawar hannu. Na uku, idan ido ya tafi gaba ɗaya, yana karanta mini duk layin da na buga da murya.

Takarda ta biyu fayil ɗina ne. A saman kowane umarni kin rubuta dalilinsa da Hausa, don wanda zai zo bayanki. Mijinki ya karanta ɗaya: "Kaka yana bugu biyu idan ya gaji. Kada wanda ya taɓa wannan." Ya karanta wani: "Ba ya son a ƙarasa masa magana. Na gwada, ku bar shi." A nan ya ninke takardar ya miƙo mini.

Shekaranjiya haruffa suka fara haɗe mini. Na lalubi ɗigon farko na danna, suka buɗe, da su na rubuta wannan. A labarin jikokina na kai shekarar da aka haifi uwarsu, saura kamar babi shida. Da na ji rasuwarki na ɗauka aikin ya tsaya ke nan. Yanzu ina sa ran zan kai shi ƙarshe, da ido ko babu ido.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki, Allah Ya ba shi juriya, Ya taya shi riƙon yaran. Ga 'yan matan biyu, idan kun girma kuka karanta wannan, ku sani mahaifiyarku ta kashe awa uku daga cikin 'yan kwanakin da suka rage mata a kan wani tsoho da ba ta haɗa jini da shi ba. Ga Hajiya mahaifiyarta, Allah Ya sanyaya zuciyarki, kin yi tarbiyya. Ga abokan aikinta da maƙwabta, Allah Ya ba mu haƙurin rashi.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa, Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Ta sauƙaƙa wa mai rauni tun kafin ya roƙa, Ka sauƙaƙa mata hisabi. Ka sanya ta Aljannar Firdausi, Ka albarkaci abin da ta bari. Mu da muke kan hanya, Ka ba mu ikon ƙarasa abin da muka fara, Ka sa mu cika da imani. Amin.