Karas-karas ɗin Iya Mulika

Iya Mulika ta rasu.

Yau da safe labarin ya same ni, ina tsaye bakin titi a Gubi ina jiran keke zan tafi makarantar da nake koyarwa. 'Yarta Mulika ce ta kira. Tun kafin ta yi magana na ji sheshsheƙa. Ta ce bayan sallar asuba ne, a ɗakinta, carbi na hannunta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mai keke ya tsaya yana ta danna mini hon, wallahi na rasa inda zan ce ya kai ni. Can na ce Ƙofar Dumi.

Waɗanda muka taso unguwa ɗaya ba sai na gaya muku ko wace ce ba. Saura kuma bari in faɗa muku. Bayarabiya ce, shi ya sa ake kiranta da sunan 'yarta, ta zo Bauchi tana amarya, a nan ta haifi 'ya'yanta, a nan ta tsufa. Shagonta na burodi da madara da ganyen shayi yana manne da shagon ɗinkin Babana, bango ɗaya ya raba su.

Ta fi shekara arba'in a garin nan amma ba ta taɓa ce mini "ke" ba. Mace da namiji duk "kai" ne a bakinta. Sunana Hadiza, ita kuwa sai "Adiza, ka zo ka ci." Harafin ƙ kuma ya gagare ta har ta koma ga Allah. Ƙosai kosai ne, ƙarya karya ce, unguwarmu ma Kofar Dumi ce. Muna yara mu yi ta kwaikwayonta, ta biyo mu da tsintsiya tana dariya. Allah ya yafe mana. Ku riƙe maganar ƙ ɗin nan, zan dawo kanta.

Ranar da Innarmu ta rasu, Iya ta rufe shagonta kwana uku, ita ta tsaya mana a madafa.

Da ina da cikin fari, ba ta taɓa bari na wuce ƙofar shagonta ban zauna na sha ruwa ba, ko da kuwa sauri nake.

Amma abin da ya sa nake wannan rubutu ina share hawaye shi ne ƙafar Babana.

Shekara huɗu da suka wuce ciwon suga ya taso wa Baba gadan-gadan. Ɗan ƙaramin ciwo ya fito masa a babban yatsan ƙafar dama, ya ƙi warkewa, kullum sai faɗi yake. Wata rana likita ya ja ni gefe ya ce in sugan nan bai sauka ba, za a kai ga yanke ƙafar. Ƙafar da yake taka keken ɗinki da ita. Da ita ya ciyar da mu shida, da ita ya aurar da mu.

Magani yana sha, wankin ciwo ana yi masa. Abinci ne rigimar. An ce ya rage masa da ƙosai da shinkafa, ya riƙa cin ganye da kayan lambu. To ku da kuka san mutumin Bauchi da masa, kun san abin da aka roƙa. Baba ya ce shi ba ya cin ciyawa. Abin bai tsaya a gida ba, har a gaban abokansa da ke zama kan benci a ƙofar shago ya faɗa da babbar murya: "Duk ranar da kuka ga ina cin karas, ku kira ni zomo."

Baba kuwa in ya faɗi magana a gaban mutane, an gama.

Na yi salak, ya ture. Na dafa kabeji, ya ce warinsa na sa shi amai. Na yi kwaɗon zogale, ya ce in kai wa akuyar maƙwabta. Sai in juya baya in ji an ce an gan shi ya ɗingisa wurin mai masa. Na yi lallami, na yi fushi, na turo masa yayyena, duk a banza.

Wata Juma'a da yamma na fito daga wurinsa da kwano kamar yadda na shiga da shi. Na zagaya bayan shagon Iya na tsugunna ina kuka. Ban san ta gan ni ba. Ta zo ta tsaya a kaina, ba ta tambaye ni komai ba, ai bango ɗaya ne, duk tana ji.

Ta ce, "Adiza, ka share ido. Gobe ka zo gidana da tandar Innanka."

Na ce a raina, tanda kuma? Masar da aka hana shi za mu yi?

Washegari da hantsi na same ta a tsakar gida ta riga ta shirya. Ashe burodin alkama da ya kwana bai sayu ba take yankawa ta shanya a tire sai ya bushe ƙamas, ta daka a turmi ta tankaɗe. Ta zuba masa riɗi, da ɗan citta da tafarnuwa da barkono. Gefe guda ta sa ni goge karas, ita tana yanka kabeji da koren wake da albasa ƙanana-ƙanana. Muka turara su kaɗan, sannan ta juye a farin ƙyalle mai tsabta ta ce in matse.

Na matse. Ta ce in ƙara. Na ƙara. Ta karɓa da hannuwanta na tsohuwa ta murɗa, sai ga ruwa na tsiyaya kamar ban taɓa shi ba. Ta kalle ni ta girgiza kai, ta ce wai 'yan boko alli kawai muka iya riƙewa.

Ta haɗa kayan lambun da ɗan garin wake da ƙwai, muka mulmula ƙanana kamar goro. Kowanne a tsoma shi a ruwan ƙwai da cokali, a mirgina shi a garin burodin da hannu, a ɗan danna. Dokarta ita ce hannun da ke taɓa gari kada ya taɓa ƙwai. Sau biyu ina mantawa, sau biyu tana make mini hannu.

Da muka ɗora tanda a kan gawayi na ɗauko kwalbar man gyaɗa zan tsiyaya yadda ake wa masa. Ta fizge. Ta yanka albasa gida biyu, ta dangwala rabi a mai, ta shafa a kowane rami. Ta ce abin ba wanka zai yi ba, shafa mai kawai zai yi. Wuta kaɗan-kaɗan, tana juya su da tsinke har suka yi ja ko'ina. Kusan awa biyu tana zaune gaban wutar nan, gumi na zuba, ga ta da ciwon gwiwa.

Da muka zuba a kwano na matso na raɗa mata cewa in ya tambaya mu ce kifi ne.

Ta yi mini wani kallo da har yau ina tuna shi. Ta ce, "Ni ba na karya."

Ita ta ɗauki kwanon da kanta. Muka tarar da Baba a shago, ƙafa a naɗe a kan kujera, abokansa biyu na kan benci. Ta buɗe masa. Ya leƙa, ya ce, "Iya, wannan kuma mene ne?"

Ta ce, "Karas-karas ne, Malam."

Na ce a raina shi ke nan, ta tona mu.

Baba ya ɗauki ɗaya ya gatsa. Har daga inda nake tsaye na ji ƙarar. Ya tauna a hankali, ya dubi rabin da ke hannunsa, ya jefa shi baki. Sannan ya ce, "Iya, shekara nawa ina gyara miki Hausa? Ƙaras-ƙaras ake cewa."

Ta ce, "Haka na ce, Malam."

Abokansa suka kwashe da dariya, suka miƙo hannu su ma. Baba ya janye kwanonsa ya ce nasa ne na marar lafiya. Ya cinye tas.

Ga masu karantawa a wayar da ba ta nuna ƙugiyar haruffa: karas shi ne wanda zomo ke ci, ƙaras-ƙaras kuwa ƙarar abu mai rumus ne a baki. Na koma gida ranar ina ta hamdala, na ce harshen Iya ya cece mu, Baba ya ɗauka ƙarar take nufi.

Daga nan na shiga ɓoyo. In na sayo karas a kasuwar Wunti sai an ƙulle mini shi a baƙar leda biyu, in wuce da shi gidan Iya ta bayan layi kamar kayan sata. Ɓawon ma a jakata nake komawa da shi Gubi. Ita kuwa ko a jikinta, sai dai ta yi ta yi mini dariya.

Wata uku ita ke yi masa, kusan kullum, kafin ta buɗe shago. Tun tana sa karas da kabeji har ta fara cusa zogale da alayyafo da yalo. A hankali ta rage garin burodin, ta ƙara ganye. Bakinsa ya saba. Wata rana na kai masa miyar ganye zalla ya shanye tas.

Kada wani ya ce na ce wannan ne magani, a'a. Magani na asibiti ne, kuma ko wannan ɗin sai da na nuna wa likitansa ya ce a ci gaba, a dai kula da yawansa. Amma Iya ce ta buɗe bakin da duk muka kasa buɗewa. Suga ya sauka, ciwo ya fara haɗewa, har ya rufe.

Ranar da keken ɗinkin Baba ya sake yin ƙara, Iya ta fito ƙofar shago tana taka rawa da burodi a hannu. Abin da ya fara ɗinkawa sabon labulen shagonta ne.

Ni kuwa na daɗe ban iya ba. Na farko da na yi ni kaɗai a gas ya fito caɓal, ya manne a tandar da na saya. Na kai mata, ta latsa da yatsa ta ce, "Ka bar ruwa." Shekara huɗu duk wanda na yi sai ta samo masa laifi, kuma kullum ruwan ne.

Ganinmu na ƙarshe sati biyu ke nan. Gwiwa ta hana ta fita shago, na yi nawa na kai mata gida. Ta gatsa ɗaya, ta karkata kai tana sauraro. Ta yi murmushi ta ce, "Yanzu ka iya."

Wallahi ko ranar da na karɓi takardar gama karatu ban ji daɗi haka ba.

Na samu fuska na tambaye ta abin da ya daɗe a raina, wai ranar nan karas take nufi ko ƙarar. Ta yi dariya har da tari. Ta ce ita gaskiya ta faɗa wa Malam, abin da kunnensa ya ga dama ya ji kuma ba ruwanta. Da zan tafi ta sa Mulika ta ɗauko tandar Innarmu da ta zauna a gidanta tun wancan lokaci. Na ce ta bar ta mana, ai nan ne gidanta. Ta ce a'a, in tafi da ita, kuma in riƙa rage wa Malam gishiri. Na karɓa ina tsokanarta wai ta gaji da mu ne. Ban gane ba.

Yau da na isa Ƙofar Dumi na tarar labari ya riga ni. Baba na zaune a shago, bai buɗe kan keken ɗinki ba, yana kallon bangon da ke tsakaninsu. Na zauna kusa da shi. Na ga bai kamata in ci gaba da riƙe abin ba, na ce, Baba, akwai abin da ni da Iya muka ɓoye maka.

Bai juyo ba. Ya ce, "Karas? Tun gatsar farko na gani. Ni tela ne, Hadiza, launi ba ya ɓoye mini."

Na ce to me ya sa bai taɓa faɗa ba.

Ya juyo ya kalle ni. Sannan ya ce, "Mace ta zauna gaban wuta da ciwon gwiwa saboda ƙafata, in mayar mata da kwano? Ga kuma mutane a benci. Ta ba ni hanyar fita, na bi."

Ashe su biyun duk sun sani. Ni kaɗai ce nake ta fama da baƙar leda shekara huɗu. Na yi dariya, na yi kuka, duk a wuri ɗaya.

Ƙarfe sha ɗaya aka yi mata sallah. Da za a wuce maƙabarta mutum uku suka kawo wa Baba mashin, saboda akwai 'yar tafiya kuma rana ta yi zafi. Ya ce a'a. Ina tsaye a zauren gidan Iya tare da mata, ina kallonsa cikin maza yana tafiya bayan makara, da ƙafarsa ta dama, a cikin takalmi, ba sanda.

Da ya dawo ya wanke ƙafafunsa a bakin shago, ya zauna. Can ya ce, "Gobe ki yi mana karas-karas." Haka ya faɗe shi, irin na Iya, bai gyara ba.

Ya Allah, ga baiwarka Iya Mulika ta zo gare ka. Mun shaida ta da gaskiya, mun shaida ta da riƙon maƙwabtaka. Ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata mata kabarinta, ka sanyaya mata shi fiye da yadda ta sanyaya mana rai. Duk takun da Babana ya yi zuwa masallaci da ƙafar nan, ka sa mata lada a ciki. Ka ba Mulika da ƙannenta haƙuri, mu kuma ka kyautata namu ƙarshen.

Don Allah duk wanda ya karanta har nan, ko ka san ta ko ba ka san ta ba, kada ka wuce haka. Ka tsaya ka yi mata addu'a, ko da Allah ya jiƙanta ne. Na gode.