Kai Kake Kallo, Ni Ina Bayan Kujera

Ranar Alhamis, shida ga watan Maris, da hantsi, matarka Gwenda ta kira ni a waya ta ce, "Hilda, yayanki ya tafi." Desmond Ackroyd, ɗan'uwana uwa ɗaya uba ɗaya, ka rasu a gidanka na Halifax kana da shekara saba'in da ɗaya. 'Yan kwanaki kafin nan ka ce mini tarin da kake yi sanyi ne kawai, ni kuwa na yarda, yadda na saba yarda da duk abin da ya fito daga bakinka.

Mutane za su faɗi alherinka, kuma ba za su yi ƙarya ba. Direban bas ne kai mai tsayawa ya jira tsohuwa ta ƙaraso ko da fasinjoji na ta tsaki. Nawa alherin daban ne. Ni matsoraciya ce tun ina ƙarama, kai ne kuma idona.

Ka tuna yammacin Asabar a gidanmu? Mama ta kawo shayi da soyayyen kifi da dankali, Baba ya kai wa talabijin mari don hoton ya tsaya, sai kiɗan shirin "Fitilar Ƙarshe" ya tashi. Labarin wani jirgi ne da ya ɓace a sararin samaniya, wasu halittu marasa fuska na bin sa, duk ɗakin da suka shiga sai haskensa ya mutu. Da sun fito sai in faɗa bayan kujera in toshe kunnuwa. In an gama ka leƙo ka ce, "Fito, sarauniyar tsoro, kowa ya tsira." Sannan ka ba ni labarin abin da ya wuce ni.

A kashi na ƙarshe Petra, 'yar matuƙin jirgin, sa'ata ce, ta ɗauki fitila ta shiga ɗakin inji ita kaɗai. Iyakar abin da na gani ke nan. Ka ce mini ta fito lafiya, ta koma gida, har uwarta ta yi mata faɗa don ta ɓata riga. Daga baya gidan talabijin ɗin ya goge shirin ya ɗora wani abu a kan faifan, ni kuma ban taɓa tambayar kowa ba.

Bara da aka sake yin shirin sabo, tare muka kalla, kana ta mita. Wai komai ya cika ƙyalli, wai dodannin da can mutane ne aka lulluɓa wa bargo amma sun fi waɗannan na kwamfuta sa hanjin ciki kaɗawa. Da aka zo kashi na ƙarshe sai ka ce kada in ɓata lokacina, sun lalata shi.

Bayan rasuwarka, tun kafin a yi jana'izarka, na kunna wannan kashin na ƙarshe da rana tsaka, labule a buɗe, don in ji kamar kana kusa. Petra ba ta fito ba, Yaya. Fitilar ta mutu a hannunta.

Ranar da aka binne ka na yi wa abokinka Clive ƙorafi cewa 'yan zamani sun kashe yarinyar nan ba gaira ba dalili. Ya dube ni da mamaki ya ce, "Ai wannan kaɗai ne ba su canza ba, Hilda. Haka ta mutu tun wancan lokacin, duk unguwa sai da muka yi kuka."

Tun daga ranar tsoro bai sake ni ba, kuma ka san dalili. Tun da aka ga ƙullutun nan a ƙirjina kai kake raka ni asibiti. Ni na roƙi likita ta riƙa yi maka bayani, in fita in zauna a baranda ina kallon takalmana. Kakan fito da murmushi ka ce ba komai, magani ne kawai za a ci gaba da sha. Da irin muryar da kake kirana daga bayan kujera kake faɗa. Na tambayi Gwenda ko ka taɓa gaya mata wani abu game da ni, sai ta tashi wai za ta ɗora ruwan shayi.

Ban yi fushi da kai ba, wallahi. Ka ba ni shekaru masu yawa ina barci lafiya, ka ɗauki abin da ya fi ƙarfina ka riƙe kai kaɗai, har ciwonka ka haɗa a ciki.

Allah ya jiƙanka, Desmond, ya haskaka makwancinka, kada ya rubuta maka waɗannan ƙarairayi a cikin zunubi, don tausayi ne ya sa ka. Allah ya ba Gwenda haƙuri, da 'yarka Moira da jikokinka, da dukkanmu da ka bari. Ni kuma ku sa ni a addu'a. Ranar Litinin likita na jirana, kuma wannan karon ni zan zauna in ji ƙarshen da kunnena.