Katangar da Sammani Ya Ja

Shekara goma sha bakwai Sammani yana kwaɓa siminti a cikin Katsina. Daga ƙauye ya zo da gemunsa, ya kama ɗaki shi kaɗai a Ƙofar 'Yandaka, ya bar iyali can gida. Kullum da safe yana bakin titi inda ake ɗibar ma'aikata, birkiloli gefe, leburori gefe. Wahala ta lebura ce, amma birkila na ɗaukar ninki ukun abin da ake ba shi.

To fa, Sammani ba makaho ba ne. Yana miƙa bulo yana kallon hannun magina, har ya iya. Abin da ya rasa ubangida. A sana'ar nan, sai wani ya koya maka ya yaye ka gaban mutane kafin a kira ka birkila. Wa zai ɗauki mai furfura yaron gini?

Ran nan birkilan da ke yi wa wata Hajiya Talatu katanga ya kwanta zazzaɓi. Sammani, da ke masa lebura, ya ɗaure igiya, ya ja katangar nan tsaf cikin kwana biyu. Daɗi ya kama shi, wallahi har cokalin gini ya saya. Washegari ya tsallaka gefen birkiloli ya zauna.

Ba wanda ya matsa masa. Ɗan kwangila ya tsaya, ya dube shi.

"Malam, wa ya yaye ka?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Ido ne."

"Ido? Allah shi kyauta." Ya ɗauki na kusa da shi.

Leburori kuma suka dinga tsokana: "Injiniya, an tashi lafiya?" Ko kokon safe suka daina kiransa. Kwana shida ba aiki, ba abokin hira. Kaico, abin ya ci masa rai ƙwarai.

Rana ta bakwai ya koma wa shebur ɗinsa. Aka kwashe su zuwa gidan Hajiya Talatu, inda wani birkila, Yahaya, zai yi filasta. Yahaya ya shafa katangar, ya kanne ido ya dubi miƙewarta.

"Kai! Wanda ya ja wannan ya san hannunsa. Yaron wane ne?"

Sammani na tsaye da kwanon siminti a ka.

"Oga," ya ce, "a ƙara ruwa ko ya isa?"