Kura Ta Ci Uwar Goggo

A shekarun farin nan da damina ta yi ta yi mana rowa, Goggo, yayar babanmu, ta dawo gidanmu a Damagaram daga wani ƙauye bayan Tirmini. Rijiyarsu ta ƙafe, gero bai yi ba, awakinta sun ƙare ɗaya bayan ɗaya. Baba da kansa ya je ya ɗauko ta. Matar da muka sani da murya kamar ta mai shela, sai ga ta zaune a bakin ɗaki shiru, in an miƙa mata tuwo ta yi ta godiya kamar ba gidan ƙanenta ba. Wata Laraba ta ce wa Inna gobe kasuwa, motar garinsu za ta shigo, za ta bi ta. Baba ya yi lallashi har ya gaji. Kowa ya san babu abin da za ta tarar a can sai rumbu wayam.

A lokacin ba ma zuwa lakwal, wato makaranta, ranar Alhamis, saboda haka Laraba in an ci tuwon dare sai a baza tabarmi a tsakar gida, yaran maƙwabta su shigo, a yi wasa. Ran nan gardama ta kaure a kan wasanni biyu, duka na ban tsoro.

Ɗaya na yayana ne, wani Bature abokin aikin Baba a biro, wato ofis, ya bar masa da zai koma ƙasarsu. Kwali ne mai zanen tsohon gida, da fatalwa cikin farin mayafi tana bin mutane ɗaki ɗaki, ga wasu 'yan katuna da aka rubuta da Faransanci. Yayana na ji da kwalin nan kamar tsoka ɗaya a miya.

Ɗayan kuwa kura ne, wanda marigayiya kakarmu ta zo da shi daga Barno. Ƙasa kawai yake bukata. A zana layi mai nannaɗe kamar gammo, a yi masa 'yan ramuka, bakinsa gari, tsakiyarsa rijiya. Kowa ya ɗauki tsakuwa, ita ce uwarsa. A watsa tsagaggun karare, yawan waɗanda suka faɗi a buɗe shi ne takun da uwarka za ta yi, ta je rijiya ta yi wanki ta komo. Wanda uwarsa ta riga isowa gida shi ke sakin kura, ita kuwa ninki take gudu, duk uwar da ta cim ma a hanya ta cinye.

Ni kura nake so, kuma ni ban iya son abu a hankali ba. Na ce fatalwar Turawa ko kaza ba za ta firgita ba. Yayana ya ce ƙauyanci ke damuna. Muna cikin haka Inna ta ja ni gefe.

"Ke ba ki da hankali ne? Wasan rijiya a gaban matar da rijiyarta ta ƙafe, gobe kuma za ta tafi?"

Raina ya ɓaci, amma na ga gaskiyarta. Aka buɗe kwali. Yayana ya kama karanta katuna da muryar mushe, yana fassara mana, rabin yaran suna hamma. Can sai muka ji Goggo a kanmu, ta leƙo.

"Wannan farin abin fa?"

"Fatalwa ce, Goggo," in ji yayana.

Ta ƙura mata ido. "To, a ina ta samu ruwan wanki a Damagaram, mayafinta fes haka?"

Dariya ta ƙwace mana, har Baba da ke ɗaki sai da ya yi tari. Goggo ta ce, "Wai ku ba a koya muku kura ba ne a gidan nan?" Kafin Inna ta buɗe baki ta ɗage tabarma, ta sa yatsa ta zana gammonta a ƙasa, ta aike ni in tsago karare daga dangar bayan gida. Sannan ta ɗaga murya wajen ɗakin Baba: "Kai ma fito, na san ba barci kake ba."

Baba ya fito da zanensa na shan iska, ya zauna a ƙasa kamar ba shi ne mai zuwa biro da takalmi sau ciki ba. "Yaya, ban da zamba dai," ya ce. Ta ce wanda ya saba kuka in an ci uwarsa ya yi shiru. Ashe tare suka taso suna yi. Yayana ma ya rufe kwalinsa ya nemi tsakuwa, yana cewa don kada a ce ya ƙi ne.

Sa'a ta bi ni, uwata ta riga ta kowa komawa gida, na saki kura. Yara suka ɗauki kururuwa, kowa na roƙon karare su fitar da uwarsa. Ta Baba ta tsira da ƙyar. Ta Goggo kuwa ta daɗe a bakin rijiya, sai ga ta a tsakiyar hanya, kura na bayanta. Na watsa, lissafi ya kai daidai.

Inna ta harare ni. Yayana ya mintsine ni a cinya. Na gane nufinsu sarai: in yi kamar na ɓata ƙidaya, in bar baƙuwa ta wuce. To, ni dai ba a yi haka da ni. Na ɗaga kura na ɗora, na tsince tsakuwar Goggo na jefa a bakin zanena.

Sai a lokacin na tuna goggo ba abokiyar wasa ba ce.

"Ja'ira!" Goggo ta kwatsa, ta kai mini duka a baya. "Kakarki fa kika cinye! Kai, ka ga 'yarka? Uwarmu ɗaya, kana zaune aka ci ta!"

"Tawa tana gida, Yaya. Ke kika bar taki a hanya."

Ta yi dariya har da hawaye, tana share su da gefen ɗankwali tana cewa a sake. Inna ta ce dare ya yi, ga yaran mutane. Ban taɓa jin daɗin duka irin na ran nan ba.

Da la'asar ɗin Alhamis direban motar garinsu ya yi sallama a zaure, ya ce ya ajiye mata wuri a gaba, ita ake jira. Duk muka yi cirko-cirko, Baba ya sunkuyar da kai. Goggo tana tankaɗe, ko miƙewa ba ta yi ba.

"Ku ce masa ya gaida mutan gida," ta ce. "Ina zan je, yarinyar nan ta ci uwata ban rama ba?"