Sai da Jidda ta ci abinci magani ya karɓe ta

Assalamu alaikum. Kusan shekara ke nan ban ce uffan ba a shafin nan. Masu turo saƙo ku yafe ni, ina gani, bakin amsawa ne ba ni da shi.

'Yata Jidda ce ba lafiya. Shekararta biyar.

Farkon daminar bara ina yi mata wanka na ji wani abu mai tauri a gefen cikinta. Ba ta kuka da shi. Sai dai cikin yana girma, hannuwa suna sirancewa.

Na kai ta Tarai wajen Gwaggo, yayar babana. Ta shafa cikin ta ce, "Ki daina ba ta ƙwai da gyaɗa da kifi. Maiƙo ne ke ciyar da kumburin nan."

Don ƙauna ta faɗa, ni kuma na bi. Wata biyu yarinyar nan daga koko sai jiƙo.

Da abin ya ƙi, muka je asibiti a Rano, suka yi hoto suka tura mu Kano. Gwajin jini, wani hoton, jira. A rana ta tara aka ce ciwon daji ne a ƙoda.

Likitar ta zagaya wani siririn ma'auni a damtsen Jidda, ya tsaya a kan ja. Ta ce, "Maman Jidda, ana warkewa daga ciwon nan. Amma maganinsa yana da ƙarfi, jikin nan kuma ba zai iya ɗauka ba. Tamowa ta kama ta, ciwon rashin abinci mai gina jiki. Me take ci?"

Na ce koko.

Ba ta yi mini faɗa ba. Da ma ta yi.

Tamowa, a gidan da buhun gyaɗa da na wake ke jingine a ɗaki.

Aka zura mata roba ta hanci, ana ɗura madara duk bayan awa uku. Allurar farko ta maganin dajin ma rage mata ƙarfi aka yi, duk da haka ta kwantar da ita: zazzaɓi, gudawa, baki duk gyambo. Sau biyu ana ɗage ta gaba.

Babanta direba ne, Rano zuwa Kano. In bai fita ba babu kuɗin magani, don haka ranar Juma'a kaɗai muke ganinsa. Awakina kuwa tun a watan farko na sayar da su suka ƙare. 'Yan dubiya sun zo da fari, sai aiki ya kankama a gona, ƙafa ta ɗauke. Ban ga laifin kowa ba. Amma nakan wuni ban yi magana da babba ba, in ba nas ta tambaye ni sau nawa ta yi amai ba.

Abokiyar hirata ɗaya ce, Dada, wata tsohuwar Bafulatana daga wajen Fassi mai jinyar jikarta a gadon kusa da mu. Ciwonsu iri ɗaya, ramarsu iri ɗaya. Wata Talata da hantsi jikar ta cika. Dada ta naɗe tabarmarta ta ce, "Ki dage da cokalin nan, 'yata. Ni na makara."

Daga ranar na koma lallashi. Kunun gyaɗa cokali uku, ta tofar da biyu, in sake ɗebowa. Kullum da safe a hau sikeli.

Wata rana da azahar ta ce, "Umma, dafaffen ƙwai nake so."

Ina ɓare shi ina kuka.

Mako shida bayan nan aka yi tiyata aka cire ƙodar. Ta ƙarasa alluranta a kan lokaci. Yanzu muna gida, gashi ya fara tsirowa, duk wata muna komawa a duba ta.

Alhamdulillah. Likitoci da nas-nas, Allah Ya saka. Baban Jidda, Allah Ya ƙara buɗi. Dada, ba ni da lambarki, Allah Ya ji ƙan jikarki.

Iyaye, in kun ji tauri a cikin yaro ku kai shi asibiti da wuri. Kada ku hana marar lafiya abinci sai in likita ne ya hana. Gyaɗa, wake, ƙwai, zogale, ku ba shi ko cokali ɗaya ne.

In kuma kun san wata tana jinya ita kaɗai, ku je, ko da hannu rabbana ne. Ku karɓar mata cokalin ta samu ta yi sallah.