Dattijon Da Na Yi Wa Turanci A Edmonton

Bayan na bar aikin rediyo, na koma makaranta da furfura a gemuna. Digiri na biyu na shiga, a fannin ba da shawara ga masu fama da shaye-shaye. A ƙasar nan karatun aji kaɗai ba ya isa. Kafin ƙungiyar masu sana'ar ta yi maka rajista, sai ka yi placement, wato ka shafe watanni kana zama da masu neman taimako, wani ƙwararre yana bin diddigin aikinka. Ni an tura ni wata cibiya a Edmonton, wata unguwa a arewacin London, a saman shagon wasu Turkawa masu gasa burodi. Ɗakin da aka ba ni kujera biyu ne da taga mai kallon layin jirgin ƙasa na Overground.

A nan aka haɗa ni da wani dattijo ɗan Ghana, haifaffen zango, wato unguwar Hausawa a can. Dako yake yi a wani ɗakin ajiyar kaya. Bayansa ya taɓu, likita ya rubuta masa maganin kashe ciwo. Maganin ya ƙare, ciwon bai ƙare ba, sai ya koma saye a hannun mutane. Lokacin da ya zo wurinmu, ko sallar asuba ba ya iya tashi sai ya haɗiyi ƙwaya.

Na gabatar da kaina da Turanci yadda aka koya mana. Ya karkata kai yana kallon bakina.

"Sake magana," ya ce da Hausa.

Na sake.

"Kai ne! Wallahi kai ne mai labarun duniya. Malam, shugabannin ƙasa sun ƙare ne, ka dawo kan 'yan ƙwaya?"

"Baba, su ba su ji magana ba. Na ce bari in gwada ku."

Ya yi dariya har da tari. Daga ranar, da Hausa muke zama.

Gaisuwa takan ci mana lokaci. Gida, aiki, sanyi, iyali. A littattafanmu za a ce kauce wa magana yake yi. Ni kuwa na lura cewa a wutsiyar gaisuwar gaskiya take fitowa. In na ce, "Ya bayan?" sai ya ce, "Da sauƙi," sannan ya ce, "Jiya dai na ƙara." A haka ya gaya mini yadda 'yarsa, wadda aka haifa a nan, ta tsinci kwalin maganin a cikin takalminsa, ta ajiye masa a kan darduma. A haka kuma ya yarda ya ga nas ɗin cibiyar, suka fara rage masa ƙwayar sannu a hankali.

Dokar karatun ita ce in riƙa naɗar wasu zaman a na'ura da izinin mai zuwa, in kai wa supervisor ɗina, wato mai bin diddigin aikina, ta saurara. Mace ce mai natsuwa, ta daɗe a aikin. Ta kunna, ta saurara kaɗan, ta kashe.

"Na ji yana sakin jiki da kai," ta ce. "Amma ban san abin da kake gaya masa ba. Kai ɗalibi ne. In ka faɗi abin da zai cutar da shi, ta ina zan sani? Ba zan sa hannu a kan abin da ban fahimta ba."

Na ce zan fassara mata da kaina, ai fassara ce sana'ata shekara da shekaru. Ta ce ɗalibi ba ya zama shaidar kansa. Na duba maganarta ta kowace fuska, ban ga kuskure a ciki ba. Na yi cigiyar ƙwararre mai rajista da yake jin Hausa, na tambayi malamanmu, na tambayi tsofaffin abokan aiki. Ban samu ba. Abu biyu ya rage: a kawo tafinta, ko mu koma Turanci.

Da na gaya wa dattijon, sai ya dafa gwiwa.

"Tafinta? Malam, Hausawan London nawa ne? Duk wanda za su kawo, ko muna sahu ɗaya ran Juma'a, ko matarsa ta ci tuwon suna a flat ɗina. Kafin in kai bus stop labari ya isa zango."

Na ce akwai masu fassara ta waya, daga wani gari.

"Kunnen da ban ga fuskarsa ba? A'a."

Sai muka koma Turanci. Yana da Turancin aiki, wanda ake ɗaga kwali da shi, ake ba manaja haƙuri. Ya bayan? Fine. Ya barci? No problem. Mutumin da yake cika awa da zance ya koma amsa mini kamar a ofishin ƙaramar hukuma. Wata rana ya manta, ya fara da Hausa, muryarsa ƙasa-ƙasa, cewa ya sake kiran mai sayar masa da ƙwaya. Na'urar tana naɗa. Na amsa masa da Turanci, na roƙe shi ya maimaita yadda za a fahimta.

Ya dubi na'urar, ya dube ni. Bai maimaita ba.

Da lokaci ya cika na kashe ta. Ya miƙe a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Karatun nan naka, yaushe za ka gama?"

"Sai bazara, Baba, in Allah ya yarda. In na samu rajista, da Hausa za mu zauna."

"To," ya ce. "In bazarar ta same ni."

Mako na gaba bai zo ba. Cibiyar ta kira wayarsa, ta aika saƙo, kamar yadda tsari ya tanada. Na tambaya ko zan iya zuwa unguwarsu in duba shi. Aka ce ɗalibi ba ya bin mutum gida. Na ci gaba da zama a ɗakin a lokacinsa, ƙofa a buɗe, har aka ba wa wani gurbin.